An kama ƙanena da wiwi da tramol a Kano: me doka ta ce, me kuma ke faruwa a kotu?

"Assalamu alaikum Barista. Ƙanena ne, shekarunsa 24, yana tuƙa Adaidaita Sahu. Jami'an NDLEA sun tare shi a nan cikin Kano, suka samu ƙulli biyu na wiwi da kati ɗaya na tramol mai lamba 225 a aljihunsa. Ya rantse mana na shansa ne, bai taɓa sayarwa ba. Yau kwanansa tara a hannunsu, kuma sun riƙe babur ɗin alhali ba nasa ba ne, balas yake kaiwa. Wani ya ce mana ɗaurin shekara 15 ne ba makawa, wani ya ce tara kawai za a ci shi, har akwai wanda ya ce mu kawo kuɗi zai kashe maganar. Mahaifiyarmu ko barci ba ta yi. Don Allah wanne ne gaskiya?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kawo mafita, Ya sanyaya zuciyar Hajiya. Abin da kike son sani shi ne hukuncin da ke kan wanda aka samu da ƙwaya kaɗan don shan kansa, ko kwana taran nan da ya yi a tsare suna bisa ƙa'ida, da kuma makomar babur ɗin. Mutum biyun farko da suka ba ku labari kowannensu ya faɗi rabin gaskiya: shekara 15 tana nan a rubuce cikin doka, tara kuma ana cin mutane ita a kotu. Na ukun ku rabu da shi. Abin da zai raba tsakanin ƙanenki ya fito cikin watanni ko ya daɗe a ciki ba yawan ƙwayar da aka samu ba ne kawai. Ya fi rataya a kan sashen dokar da aka rubuta a takardar tuhumarsa, da abin da ya sa wa hannu a kwanakin farko, da amsar da zai ba alƙali ranar da aka karanta masa caji.

Abin da ke rubuce

Dokar da ake aiki da ita ita ce wadda ta kafa hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wato dokar soja mai lamba 48 ta shekarar 1989, wadda yanzu take cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Sashe na 11 ya kasa laifin gida huɗu. Shigo da ƙwaya ƙasa, ko haɗa ta, ko noma ta, ɗaurin rai-da-rai ne. Fitar da ita waje ko safararta, rai-da-rai. Sayarwa, ko saye, ko tallatawa, ko dillancinta ta kowace fuska, shi ma rai-da-rai. Na huɗun shi ne wanda ya mallake ta ko ya sha ta yana sane, ko ta hanyar busawa, ko shaƙa, ko allura: ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba, bai kuma wuce 25 ba. Sashe na 19 ya sake maimaita laifin mallaka shi kaɗai da wannan hukuncin, kuma shi ne sashen da aka fi rubuta wa masu irin halin ƙanenki. Sashe na 14 ya ba da shekara 15 zuwa 25 ga haɗa baki ko taimakawa, sashe na 12 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga mai gida ko mai kula da wuri da ya bari ana ajiye ƙwaya ko ana cinikinta a ciki. Wannan na ƙarshen iyaye da masu gidajen haya ba su cika saninsa ba.

Ki lura da abu guda: dokar ba ta faɗi nauyi ba. Babu inda ta ce daga giram kaza zuwa ƙasa mai sha ne, daga nan zuwa sama dila ne, kamar yadda wasu ƙasashe suka yi. A kan takarda, mai ƙulli biyu da mai buhu biyu sashe ɗaya zai iya kama su. Dalilin hakan yana cikin tarihinta. An rubuta ta ne a lokacin da babbar damuwar gwamnati ita ce masu ɗaukar hodar iblis da tabar heroyin ta filin jirgin sama. Kafin ita, dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta sa hukuncin kisa a kan safara, har aka harbe mutum uku a Kirikiri da ke Legas a watan Afrilun 1985. An janye kisan a 1986, amma zafin bai sauka ba. Wanda ya rubuta dokar 1989 ba matashin Kano mai katin tramol a aljihu yake hange ba, shi ya sa sunayen da ta ambata su ne hodar iblis, LSD, heroyin "da makamantansu". Ta wannan ƙofa ta makamantansu wiwi ta shigo, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a shari'ar Okewu a 2012. Don haka kar lauya ya ruɗe ku da cewa ai ba a ambaci wiwi a sashen ba. Akwai tsohuwar dokar tabar wiwi ta 1966, wadda ta sa ɗaurin da bai gaza shekara 4 ba ga mai sha ko mai riƙewa, ba a kuma soke ta ba, sai dai masu gabatar da ƙara na hukumar da tasu dokar suke shigar da ƙara.

Tramol maganarsa daban ce kaɗan, domin asalinsa magani ne na ciwo mai tsanani. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta amince da mai miligiram 50 da mai 100 ne kawai, bisa takardar likita. Wanda aka samu da ɗan kaɗan na irin waɗannan, yana da takardar asibiti da sunansa da kwanan wata, yana da hujjar cewa da izinin doka yake riƙe da shi. Mai lamba 225 kuwa babu likitan da zai rubuta shi, babu kemis ɗin da ke da izinin sayar da shi, ta ɓarauniyar hanya yake shigowa. Ku cire ran neman takardar asibiti ta bayan fage don wanke shi. Ba za ta yi aiki ba, sai dai ta ƙara wa wani laifin jabu. Haka nan maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi a watan Mayun 2018, da roci da su diyazafam in babu takardar likita.

Majalisa ta yi yunƙurin gyara dokar. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta amince da kisa ga masu safara, daga baya majalisun biyu suka daidaita a kan rai-da-rai, sannan a watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya ƙi sa hannu saboda wani sashe da ya shafi rabon dukiyar da aka ƙwace, don haka wancan gyaran bai zama doka ba. Na kawo wannan ne domin wasu sun ji labarin kisan a rediyo suna tsoratar da mutane da shi.

Abin da ake yi a kotu

Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin sauraron laifin da ke ƙarƙashin wannan doka. Sashe na 26 na dokar da sashe na 251 na tsarin mulki suka ce haka. A Kano ita ce wadda ke Gyaɗi-Gyaɗi. Kotun majistare ko kotun Shari'a ba za su yanke masa hukunci da dokar NDLEA ba. Dokar laifuffuka ta Shari'a ta Jihar Kano ta shekarar 2000 tana da bulala 80 ga Musulmin da ya sha abin maye, amma wannan wata hanya ce daban, ba ita hukumar tarayya ke bi ba. Hisbah da 'yan sanda ma in sun kama mutum da kaya mai yawa, ga NDLEA suke miƙa shi.

A zahiri alƙalan wannan kotu ba kasafai suke yanke wa mai ƙulli biyu shekara 15 ba. Wanda aka kama karo na farko da ɗan kaɗan, ya amsa laifinsa bai ɓata wa kotu lokaci ba, abin da aka saba gani shi ne watanni zuwa 'yan shekaru kaɗan, wani lokaci da zaɓin biyan tara. Alƙalai suna dogaro da dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015, wadda sashenta na 416 ya ce kar a ɗora wa mai laifin farko hukunci mafi tsanani, kuma a lissafa masa kwanakin da ya yi a tsare kafin hukunci. To amma ki riƙe wannan da kyau: sassaucin nan ba haƙƙinsa ba ne, ikon alƙali ne. Dokar NDLEA kanta ba ta ambaci tara a waɗannan sassa ba, hukumar ta sha kokawa a fili kan yadda ake ba masu laifi zaɓin tara, kuma tana da ikon ɗaukaka ƙara in ta ga hukuncin ya yi sauƙi. Duk lauyan da ya ce miki "tabbas tara ce" tun kafin ya ga takardar tuhuma ya san alƙalin da aka ba shari'ar, ciniki yake yi da ke. A ganina ma wannan tazarar da ke tsakanin rubutun doka da aikin kotu ita ce babban aibin tsarin, domin mutum biyu masu laifi iri ɗaya sai su samu hukunci daban, kuma marar lauya ne ya fi kwana a ciki.

In bai amsa laifin ba, nauyin hujja yana kan masu ƙara. Sai sun tabbatar da cewa abin da aka kama haramtacciyar ƙwaya ce, a hannunsa ko ƙarƙashin ikonsa take, ya san da ita, kuma ba shi da izinin riƙe ta. Na farkon ba a tabbatar da shi da ido ko da wari. Akwai matakan da jami'ai ke bi: a gwada kayan a gabansa da kayan gwajin farko, a auna nauyinsa a gabansa, a cike takardar sakamakon gwaji da ta ƙunshe kaya da ta neman binciken masana, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kowacce, a ɗebi samfuri a rufe a leda mai lamba a aika ɗakin gwaje-gwaje na hukumar, sauran kuma a damƙa wa mai ajiyar kayan shaida. Rahoton da ya dawo daga ɗakin gwajin shi ne ginshiƙin shari'ar. Lauyan da ya san aikinsa nan yake fara dubawa: nauyin da ke takardar tuhuma ya yi daidai da na takardar awo? Lambar ledar da aka aika ita ce wadda ta dawo? Wa ya riƙe kayan daga ranar kamu zuwa ranar kotu? Shari'o'i suna rushewa a wannan gaɓa. Amma in duk takardun sun daidaita, kayan kuma a aljihun wandonsa aka ciro su gaban shaidu, musu ba zai kai ko'ina ba.

Maganar sani ita ce ke ceton direbobi, ko da yake ba ta shafi ƙanenki ba tun da a jikinsa aka samu. Ɗan sahun da fasinja ya bar ƙunshi a bayan kujera, ko direban da aka ba saƙo a tasha a rufe, yana da abin faɗa, in zai iya nuna wanda ya ba shi, da lambar wayarsa, da cewa kuɗin da ya karɓa na saƙo ne na yau da kullum ba wanda ya wuce hankali ba. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar nan da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda jakar tramol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano. Sai da bincike ya gano masu wannan aika-aika a nan gida sannan aka sake ta a Afrilun 2019. Rashin sani kariya ce, amma sai an kawo abin da zai nuna shi.

Inda ake faɗawa rami

Ƙanenki ya ce na shansa ne. Wannan maganar ba ta wanke shi, domin shan kansa laifi ne. Amfaninta shi ne ta tsare shi a sashen mallaka, kar ya zame zuwa na dillanci. Abin da ke zamar da mutum yawanci bakinsa ne. Jami'i zai tambaye shi a ina ya samu, nawa ya saya, da wa yake sha. Yaro yana ganin yana rage wa kansa laifi sai ya ce, "ai ba nawa ba ne ni kaɗai, abokaina ne suka haɗa kuɗi na sayo mana," ko "wani ne ya aike ni in kai masa." Da wannan jimlar ya mai da kansa mai rarrabawa ko mai safara, ya kuma buɗe ƙofar tuhumar haɗa baki. Sauran alamomin da ake ginawa a kansu su ne kayan da aka ƙulla ƙanana-ƙanana iri ɗaya, sikeli, tarin leda ko takardar naɗi, canji masu yawa, da saƙonnin waya na masu tambayar kaya. Wayarsa tana hannunsu, kuma abin da ke ciki shaida ne.

Saboda haka abu na farko da lauya zai nema shi ne bayanin da ya rubuta ko aka rubuta masa. Tsarin mulki, sashe na 35, ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya. Dokar 2015 ta ce a ɗauki bayaninsa a gaban lauyansa, in babu a gaban jami'in hukumar ba da tallafin shari'a ko wani wanda ya zaɓa, ta kuma tanadi ɗaukar furucin amsa laifi a bidiyo. In ba ya jin Turanci sosai, dole a samu tafinta ya karanta masa abin da aka rubuta da Hausa, tafintan ma ya sa hannu. Yawancin samarinmu a nan suke cutuwa: su yi magana da Hausa, a rubuta da Turanci, su dangwala yatsa ba su san "ina sha" ya koma "ina sha ina kuma sayarwa" ba. In dukansa aka yi ko aka tsorata shi kafin ya sa hannu, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar wannan bayani, kuma dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mai da dukan kansa laifi. Sai dai lokacin ƙorafin ƙayyadadde ne: a daidai sa'ar da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ga kotu ake tashi a ce ba a yarda ba. In aka bari ta shige, da wuya a dawo da ita. Ku tambaye shi tun yanzu, in da rauni a jikinsa a nemi likita ya gani ya rubuta.

Kwana taran da ya yi

Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. A cikin birnin Kano kwana ɗayan ne. Hanyar da doka ta buɗe ta wuce hakan ita ce a samo umarnin tsarewa daga kotu, wanda ba ya wuce kwana 14 a karon farko, ana kuma iya sabunta shi in an nuna dalili. Tambayar da lauyanku zai yi ke nan: akwai umarnin kotu, na wane kwanan wata? In babu, zai rubuta wa kwamandan hukumar na jiha neman beli ko a gurfanar da shi, in ba a amsa ba ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi. Sau da yawa wasiƙar kaɗai takan motsa fayil ɗin da ya kwanta. Kuma ba a kama wani a madadin wani. Sashe na 7 na dokar 2015 ya hana, don haka kar tsoro ya hana ku zuwa ganinsa da kai masa abinci.

Akwai wata ƙofa da ta fi dacewa da shi, kuma yanzu ne lokacin ƙwanƙwasa ta, kafin a shigar da ƙara. Hukumar tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, kuma ba duk mai sha take kaiwa kotu ba. Da dama takan tantance su, ta yi musu nasiha ko ta riƙe su a cibiyarta na wani lokaci, ta damƙa su ga iyaye. Wannan ma ganin damarta ne, ba tilas ba. Abin da ke taimakawa shi ne babban mutum na gida, uba ko kawu ko wa, ya je da kansa tare da lauya, da shaidar cewa yaron yana da sana'a da adireshi tabbatacce, da wasiƙar mai unguwa ko ta shugabannin ƙungiyar 'yan sahu ta tasharsu, da alkawari a rubuce cewa za a kai shi asibiti. In an riga an shigar da ƙara, ikon ya koma hannun kotu.

Shi kuwa mai cewa a kawo kuɗi ya kashe magana, beli a ofishin hukuma kyauta ne. Ba da cin hanci laifi ne mai ɗaurin shekara 7 a dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta 2000, mai bayarwa da mai karɓa duka. Yawancin masu irin wannan tayi ma ba jami'ai ba ne, 'yan kai-da-kawo ne da ke rakuɓe a bakin ƙofa. In an saki yaro ta hanyar da dama za a sake shi su ce aikinsu ne, in ba a sake shi ba su ce kuɗin bai kai ba. Kuɗin da za ku ba shi ku biya lauya da shi ku karɓi rasit. In babu hali, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya tana da ofis a Kano, aikinta ke nan tsaya wa marasa ƙarfi kyauta.

In an kai shi kotu

Ranar farko za a karanta masa tuhuma, a fassara masa da Hausa kyauta, a tambaye shi ya amsa ko bai amsa ba. Kar ya buɗe baki sai lauya ya karanta takardar ya ga sashen. In sashe na 19 ne, nauyin da aka rubuta daidai ne, takardun gwaji kuma babu kuskure, amsa laifi da roƙon sassauci sau da yawa shi ya fi masa, domin shari'ar musu takan ɗauki shekara ko fiye, in bai cika sharuɗɗan beli ba kuma duk wannan zaman a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse zai yi shi. In kuwa an rubuta masa dillanci ko safara alhali hujjar ba ta nuna haka ba, kar ya amsa don gajiya ko don wani ya ce masa "amsa kawai a sallame ka". Lauya zai iya neman sulhun tuhuma a ƙarƙashin sashe na 270 na dokar 2015, a sauko da ita zuwa mallaka, a rubuta yarjejeniya, alƙali ya tabbatar da cewa da yardarsa aka yi. Wanda ya amsa laifi da bakinsa a gaban alƙali, hanyar ɗaukaka ƙararsa ta ƙuntata ƙwarai, kusan sai a kan tsananin hukunci kawai.

Roƙon sassauci ba kuka ba ne, hujja ake kaiwa: cewa bai taɓa laifi ba, shekarunsa, waɗanda yake ciyarwa, ƙanƙantar kayan, da takardar asibitin da ta nuna an fara neman magani ko an shirya karɓarsa. Sashe na 20 na dokar NDLEA ya ba kotu ikon haɗa hukunci da umarnin magani da gyaran hali, ga wanda bai kai shekarun girma ba kuma ta iya sa wannan a madadin hukuncin gaba ɗaya; ƙanenki ya wuce wannan rangwamen na biyu. A roƙi kotu ta fara lissafi daga ranar kamu. A gidan gyaran hali kuma ana yafe kashi ɗaya cikin uku ga mai kyakkyawan hali, abin da mutane ke nufi ke nan in sun ce shekarar gidan yari wata takwas ce.

In musu za a yi, sai a nemi beli a rubuce da takardar rantsuwa. Laifin ana ba da belinsa. Sharuɗɗan da aka saba su ne mutum ɗaya ko biyu mazauna yankin kotun, wani lokaci mai takardar fili ko ma'aikacin gwamnati mai wani mataki, da hotuna, da zuwa a tabbatar da gidajensu. Mace tana iya tsayawa, doka ta faɗi haka ƙarara, don haka ke ma kina iyawa in kin cika sharaɗin. Amma mai tsayawa ya san cewa in yaron ya gudu, kuɗin da aka rubuta a takardar belin a wuyansa yake. In an yanke hukunci kuna ganin an zalunce shi, kwana 90 ne wa'adin ɗaukaka ƙara.

Babur ɗin

Doka ta ba hukumar ikon kama abin hawan da aka yi amfani da shi wajen safarar ƙwaya, ta kuma nemi kotu ta mallaka wa gwamnati. Amma ta keɓe abin hawan haya, da wanda mai shi ya nuna cewa ba da saninsa ko yardarsa aka yi laifin ba. A nan kayan a aljihun direba suke, ba a ɓoye a jikin babur ba, wannan kuma ya ƙarfafa hujjar mai shi. Shi ne zai nema, ba ku ba: ya rubuta takarda ta hannun lauya, ya haɗa da rasit ɗin saye, da takardun rajista, da shaidar hukumar KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, da yarjejeniyar balas in a rubuce take, in ba a rubuce take ba ya kawo waɗanda aka yi a gabansu. Ana iya ba shi a kan sharaɗin zai kawo shi duk ranar da aka nema. In an riga an sa babur ɗin cikin kayan shaida, sai dai a roƙi kotu. Ya hanzarta, domin abin hawan da ya yi watanni a rana da ruwa ko an sake shi sai an kashe masa kuɗi. Ku kuma nemi kwafin jerin kayan da aka karɓa daga hannun ƙanenki, da waya da kuɗin cinikin ranar, domin dokar 2015 ta wajabta rubuta su.

Lafiyarsa

Wannan bai cikin tambayarki, amma yana shafar shari'ar. Wanda ya saba da tramol mai 225 aka yanke masa shi dare ɗaya yakan shiga zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci da firgita, kuma shan sa da yawa yana kawo farfaɗiya. Mutumin da ke cikin wannan hali zai sa hannu a kan komai don a ƙyale shi. In kun gan shi haka ku nemi a kai shi ga likita, ku kuma gaya wa lauya ranar da aka ɗauki bayaninsa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya a 2018 ya ƙiyasta masu shaye-shaye a Jihar Kano da kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64, sama da mutum miliyan ɗaya, don haka likitocin sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano da na asibitin Dawanau ba baƙon abu za ku kai musu ba. Hukumar NDLEA ma tana da layin neman taimako kyauta, 0800 1020 3040. Ku guji gidajen mari da ake ɗaure mutane da sarƙa. Ba magani ba ne, kuma takardarsu ba ta da daraja a gaban alƙali. Kama na biyu ba ya samun sassaucin na farko, domin mai gabatar da ƙara zai miƙa wa kotu takardar hukuncin baya kafin a yanke sabo.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan bayaninki, bayaninki kuma a kan abin da ƙanenki ya gaya muku. Lauyan da zai zauna da shi su biyu ya karanta fayil ɗin shi ne zai ba ku magana ta ƙarshe. Ranar da za ku je wurinsa ku tafi da ranar kamu da wurin, da sunan ofishin da yake tsare, da katin shaidar ƙanenki, da lambar mai babur, ku kuma gaya masa ko an taɓa kama shi a baya, ko da a ofishin 'yan sanda aka kashe maganar.